Habaicin Siyasa a Waƙar "Mother Hubberds Tale" ta Spenser

A shekarar 1591 Edmund Spenser, marubucin waƙoƙi na Ingila, ya fitar da wannan waƙa cikin kundinsa mai suna "Complaints". A zahiri tatsuniya ce. Dila da Biri suka tarar da Zaki yana barci, suka sace kambinsa da fatarsa. Biri ya hau gadon sarauta, Dila kuma ya zama waziri, yana sayar da shari'a, yana azurta 'ya'yansa da dukiyar ƙasa.

Masu karatu na zamanin sun ɗauka cewa Dilan nan Lord Burghley ne, ma'ajin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wanda yake share wa ɗansa Robert Cecil hanyar mulki. Ba da jimawa ba hukuma ta janye littafin.

Habaici ba ya cizo sai an gane wanda ake nufi, in kuwa talakawa sun gane, fada ma ta gane. Saboda haka rigar dabbobi ta ba Spenser kafar musu ne kawai, ba ta kare waƙar ba. Ko a kundin ayyukansa na 1611 an tsallake ta, ba a sake buga ta ba sai bayan mutuwar Robert Cecil a 1612.