Ɗan Ibro da Gadon 'Yan Kama

Tun kafin bidiyo ya shigo ƙasar Hausa akwai ɗankama. Zai naɗa ƙaton rawani, ya rataya gafaka, ya tsaya a bakin kasuwa ko ƙofar gidan biki, ya ɗauko muryar malami mai jan baƙi, amma karatun nasa duk a kan tuwo da miya da fura yake. Wani lokaci kuma karin waƙar wani shahararren makaɗi zai ara, ya zubar da kalmominta, ya cusa nasa na ciye-ciye. Mai sauraro yana jin abu biyu lokaci guda: asalin da ya sani, da ɓarnar da ake yi wa asalin da gangan. A tsakanin biyun nan dariya take ɓallewa. A ganina, duk mai son ya fahimci marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ɗan Ibro, daga nan ya kamata ya faro. Abin da ɗankama ya yi wa malamai da makaɗa, shi Ibro ya yi wa fitattun mutanen da talabijin da kaset suka kawo mana daga Indiya da Kongo da Gabas ta Tsakiya.

An haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru, sannan ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Ya tarar da manya a gabansa, irin su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, waɗanda gidajen talabijin na gwamnati suka yi renonsu. Barkwancinsu mai natsuwa ne, ana jera magana, ana jiran amsa, a ƙarshe a fito da darasi. Ibro ɗan kasuwar kaset ne, wadda ta buɗe bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma kasuwa ba ta jira. Sai ya zo da salon da ya dace da ita.

Salon nan shi ne na mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Magana tana fitowa a guje, wata na hawa kan wata. Ya yi cika-baki, ya zaro ido, ya daka tsawa, kafin ka ƙifta ya koma roƙo da magiya saboda ya hango wanda ya fi shi ƙarfi. Ya shirga ƙarya, a kama shi, ya rufe ta da wadda ta fi ta girma. Fuskarsa da kafaɗunsa da ƙafafunsa duk suna cikin zancen. Mai kallo na iya ɗauka hauka ne kawai aka saki a gaban kyamara, amma wanda ya lura zai ga lissafi. Ya san daƙiƙar da zai yi tsit ya bar abokin wasansa ya rufta, ya san inda zai maimaita kalma har ta zama sara a bakin yaran unguwa washegari. A irin waɗannan finafinai da ake kira camama ba a cika tsayawa kan rubutaccen labari ba. Ana faɗa wa ɗan wasa inda fitowa za ta fara da inda za ta ƙare, sauran kuma bakinsa ne zai cike. Wannan aiki ne mai wuyar gaske, kuma masu raina camama ba su taɓa yi masa adalci ba.

Inda hikimarsa ta fi fitowa shi ne kwaikwayo. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kongo ya mamaye Najeriya a wajajen 2000, sai ga fim ɗin Ibro Awilo. Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suke kallo a silima tun shekarun 1950 kuma masu shirya finafinan soyayya na Kano suke kwafa da dukkan zuciyarsu, suka haifar da Ibro Ɗan Indiya. Abin lura shi ne Ibro bai taɓa ɓacewa cikin wanda yake kwaikwayo ba. Bai yi ƙoƙarin ya gamsar da kai cewa shi ne Awilo ba. Abin da kake gani kullum shi ne Ibro, mutumin ƙauye mai wayo da yunwa da tsoro, ya ari rigar da ta fi ƙarfinsa. Saboda haka ba Awilo ake yi wa dariya ba, ba kuma jarumin Indiya ba. Mu ake yi wa dariya: saurayin da ya ga rawa a kaset ya tashi zai gwada a dandali, da mai shirya fim da ya kai masoya cikin lambun furanni suna zagaya bishiya alhali a zaure ake zance a garinsu. Mutane sun yarda su yi wa kansu dariya ne domin mai nuna musu aibin nasu ne, da harshensu yake magana, kuma shi ya fara shan kunyar kafin kowa.

Wannan ma tsohuwar al'ada ce. A wasan tashe na watan azumi yara suna manna gemun auduga su zama tsoho ko malami. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin kuma yana jin abin da ba mai iya faɗa masa ido da ido. Bahaushe ya daɗe da ware wa mai wasa fili inda zai taɓa babba a yafe masa.

Sai dai filin yana da iyaka, kuma Ibro ya taka ta fiye da sau ɗaya. A 2002 ya fito a Ibro Usama, a daidai lokacin da hotunan Usama bin Laden suka cika jikin motoci da shaguna a Kano, ana ta raɗa wa jarirai sunansa. Malamai da dama da 'yan Hisba suka yi ca, suna ganin ɗan barkwanci ba shi da hurumin sa wannan rawani. Bayansa Ibro Saddam ya biyo. A 2008 kuwa, zamanin da Abubakar Rabo yake shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tuhumar ta shafi rajistar kamfani da rawar da aka ce ba ta dace ba, amma jama'a da yawa sun tafi a kan cewa wata waƙa mai suna Mamar ce sila, wadda aka ɗauka habaici ce ga gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau. Ko mene ne ainihin dalili, ɗaure mai barkwanci saboda wasa kuskure ne, kuma ya saɓa wa al'adar da aka ce ana karewa.

Ba zan ce duk abin da ya fito a ciki zinariya ne ba. An yi gaggawa, an yi maimaici, domin 'yan kasuwa sun gane sunansa kaɗai a jikin kwali yana sayar da kaset. Wasu finafinan sun jingina da muzanta Bafulatani ko Bagwari ko mai lalurar jiki. Akwai barkwancin taubasantaka tsakanin ƙabilu wanda kowa ya san ƙa'idarsa kuma ana ramawa, amma a fim ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara, wanda aka tsokana ba shi da bakin ramuwa.

Ibro ya rasu a Kano a watan Disamba na 2014 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bosho da Daushe da sauran abokan wasansa sun ci gaba, matasa kuma sun koma gajerun bidiyo na TikTok, inda ake kwaikwayon abu tun bai kwana ba. Abin da ya fi damuna shi ne makomar ayyukansa. Yawancinsu a kaset da faifai marasa ƙarko suka fito, abin da ya tsira a YouTube kuma guntaye ne da aka yanko ba shekara ba sunan darakta. Barkwancin kwaikwayo yana buƙatar mai kallo ya san asalin da ake ɓatawa, kuma yaron da aka haifa bayan 2005 bai san yadda Awilo ya girgiza gari ba. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su ya kamata su tattara finafinan nan, su rubuta abin da kowanne yake kwaikwayo, tun waɗanda suka yi aiki da shi suna raye suna iya ba da labari.