Jinjina ga Masu Alƙalamin Bayan Fage

A kasuwa kowa ya san Kamaye da Adama na shirin Daɗin Kowa, amma wanda ya sa musu magana a baki ba a cika tambayar sunansa ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, marubuta ne ke riƙe da ƙashin bayan Daɗin Kowa, ciki har da irin su Fauziyya D. Sulaiman da suka fito daga duniyar littattafan Kano.

Aikin ba wasa ba ne. Littafi yana da shafin ƙarshe, shiri mai dogon zango kuwa kullum da yunwa yake tashi. Sai an tuna wa ke bin wa bashi, wace ce aka saka a bara, sannan a tsayar da labari daidai inda mai kallo zai cije yatsa har wani makon.

A wurina shirin Kwana Casa'in ne ya fi nuna gwanintar. An ƙirƙiri jihar Alfawa, aka zuba mata gwamna da 'yan barandansa da ɗan jarida mai taurin kai, har mutane suka riƙa rantsuwa cewa da jiharsu ake. Wani zangon yakan yi ja, gaskiya ne, amma ranar da za a haska sabo, da wuri ake zuba wa janareta mai.