Wutsiyar Idon Malam

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Malam na zaune a kan buzu, kai a sunkuye, yana rubuta wa wani almajiri allo. Yara sun fi talatin a kewaye da shi, kowa na rangaji yana biya karatunsa. Can ƙarshen sahu wani ya tsaya cak, hankalinsa ya tafi wasa. Malam bai ɗago ba, alƙalami bai bar allo ba, sai ka ji ya kira sunan yaron. Muna yara mun ɗauka ido gare shi a ƙeya. Da na girma na gane da wutsiyar ido yake aiki, sai ya ƙara girma a idona.

Miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsanka. Abin da ido ke gani tar a lokaci guda bai fi faɗin farcen nan da yawa ba, kamar digiri 2, alhali idanu biyu na ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe. Wani ɗan gurbi ne a tsakiyar tantanin bayan ido ke wannan gani na ƙwaƙƙwafi. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura. Sauran filin duk na wutsiyar ido ne. Ita baƙaƙe cakuɗe mata suke, launi ma ba ta tantance shi sosai, amma motsi ba ya wuce ta.

To Malam ba fuskar yaron ya gani ba. Ya san mazaunin kowa, ya saba da kaɗawar kawunan nan kamar yadda manomi ya saba da rausayar gero a iska. Inda rangaji ya yanke, nan ƙwaƙwalwa ke taɓa shi, kunne kuma ya tabbatar masa murya ɗaya ta ɓace. Tun a ƙarni na 19 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya gwada haka a kansa: ya kafe ido wuri guda cikin duhu, tartsatsin lantarki ya haska takarda, ya iya karanta baƙaƙen da ke gefen da ya ajiye hankalinsa tun farko. Ashe inda ido yake daban, inda hankali yake daban.

Kada a ce ai kowa haka yake. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard a Amurka sun sa mutane su ƙirga sau nawa 'yan wasa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo a wani bidiyo. Ana cikin haka wata mai shigar goggon biri ta ratsa tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba, ga ta ƙiri-ƙiri a gabansu. Hankali idan ya duƙufa kan abu ɗaya, rufe ƙofa yake yi. Shi kuwa Malam rubutun Alƙur'ani yake, inda wasali ɗaya ba ya kuskurewa, amma ya bar ƙofar a buɗe. Wannan shekaru ne ke koyar da shi, kamar yadda suke koya wa makiyayi da direban babbar mota da uwar da ke tuƙa tuwo ɗanta na rarrafe kusa da murhu.

Akwai wata baiwa kuma. Ƙwayoyin halittar ido masu gani cikin duhu, su wajen miliyan 100, a kewaye suke, babu su a gurbin nan na tsakiya. In dare ya yi sama ta washe, ka nemi taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Ka dube su kai tsaye, sannan ka ɗan kau da ido gefe kaɗan, hankalinka na kansu. Za ka ga sun ƙara haske.