Wane Littafi Za Mu Sa A Hannun Ɗan Lise?



Yau maganar ƴaƴanmu za mu yi, waɗanda ke kwaleji da lise. Mu da muka koyi baƙi da girmanmu mun san wahalarsa. Mutum ya taso daga gona a gajiye, ya zauna bisa tabarma, ya yi ta fama da "b" da "ɓ" har ido ya yi ja. Ran da ya karanta wasiƙar ɗansa da ke ci-rani a Abijan, shi da kansa, ba ya manta ranar. To, ga abin mamaki. Yaron da ya shekara goma a lakwal, karatu na zuba a bakinsa kamar ruwa, shi ne ba ya son karatu. In ya zo hutu Tebaram daga Tawa, kayensa na cikin jaka har ranar komawa. Salula ce a hannunsa dare da rana.

Kada mu yi saurin zaginsa. Mu duba yadda ya fara gamuwa da littafi. Ya gamu da shi cikin Faransanci, harshen da ba a yi masa tatsuniya da shi ba. Ya gamu da shi don jarrabawa. Mushe ya ce a karanta shafi kaza, gobe akwai tambaya. Wanda kullum magani ake ba shi a cikin ƙwarya, in ya ga ƙwaryar sai ya kau da kai, ko da fura ce a ciki. Saboda haka sai a nemo masa littafin da zai karanta ba don maki ba. Na ɗauko huɗu na auna su, biyu na da, biyu na baya-bayan nan.

Na fari shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Malamin makaranta ne a Katsina. An kira shi Zariya a 1936 ya rubuta littafin, aka fara buga shi a 1937. Kashi uku ne. Marubucin ya rasu a 1981, amma har yau ana sayar da littafin a kasuwa.

Ga yadda labarin yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri na son sarauta, ya shirya a halaka yaron in ya fita. Musa kuwa jini na tafasa, yana so ya bi mahaifinsa. Wa zai tsare shi? Aku. Akun nan ba shi da takobi, ba shi da bulala. Duk daren da Musa ya yi ɗamara zai fita, sai aku ya jefo masa wata magana. Musa ya tsaya ya ji ƙarshenta, kafin ya ankara gari ya waye. Gobe ma haka.

Ku duba dabarar nan da kyau, don ita ce muke nema. Aku bai taɓa ce wa Musa zauna in koya maka hankali ba. Labari yake ba shi, hankalin na ciki kamar gishiri a miya. Kuma labaran gajeru ne, ana gama ɗaya kafin shayi ya huce. Akwai ban dariya, kamar na Kalala da matarsa Kalalatu, wadda ta cinye kajin da aka soya don baƙo, sa'an nan ta haɗa miji da baƙon gudu da tsere. Imam ya ɗebo waɗansu labaran daga littattafan Larabawa irin su Dare Dubu Da Ɗaya, waɗansu daga na Turawa. Amma ya sa musu riga da hula irin namu, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Ɗan lise da ke ganin Hausa ba ta isa a rubuta babban abu da ita ba, wannan littafi zai ba shi kunya.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a rasa kashin shanu. Littafin fada ne. Sarki da waziri da ƴan sarki su ne a gaba, baƙauye kuwa sau da yawa shi ake yi wa dariya. Mu mutanen ƙauye sai mu ji abin ya ɗan sosa mu. Mata ma ba su sha da daɗi ba, an cika nuna su da makirci. Yarinyar da ke kwaleji za ta yi dariya, amma ba za ta ga kanta a ciki ba. Hausarsa kuma ta Katsina da Zariya ce. Inda Ba'adare zai ce lahiya, shi lafiya ya rubuta. Wannan ba komi ba ne, shafi biyar ya isa kunne ya saba.

Na biyu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firaministan Nijeriya, aka kashe shi a 1966. Ya fito a 1934, bayan gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933. Ƙaramin littafi ne, ba dariya a ciki. An sace yaro zamanin bauta, aka keta hamada da shi. Uwarsa ta bar kome ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Sun gana a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta cika. A ganina Umar ya cika haƙuri, marubucin bai bar shi ya yi fushi da abin da aka yi masa ba. Uwar ce ran littafin. A nan Adar, inda gida da yawa ke da ɗa a Libiya ko Aljeriya, ba sai an yi wa kowa bayanin uwar nan ba. Amma kada a fara da shi. A bari yaro ya kamu tukuna.

Yanzu ga inda gardama take, wato littattafan da marubutan Kano suka yi ta fitarwa tun wajen 1980 da ƴan kai, waɗanda ake kira littattafan soyayya. Iyaye da malamai da yawa na ƙyamarsu, suna cewa suna lalata yara. A 2007 har ƙona waɗansu aka yi a bainar jama'a a Kano. Ni ma na ga marasa kan gado a cikinsu: mota da gidan bene da kuka, daga farko har ƙarshe. Amma wanda ya zubar da hatsi don ya ga tsakuwa a ciki, shi zai kwana da yunwa.

Ku nemi littattafan Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure. Daga baya ta koma karatun manya, kamar ni da ku. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Yarinya ce, Abu, uba ya hana ta makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi boko, ya dawo ya ce ba ya auren jahila. Aka ɗaura mata aure da tsoho. Ta gudu birni wurin ƴar'uwar babanta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar asibiti. A wannan shekara kuma ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi, wadda miji ya kora da ƴaƴa tara don ya yi amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. An juya shi da Ingilishi a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga shi.

Hausar Balaraba ba ta kai ta Imam ado ba. Wani lokaci takan yi gaggawar hukunta mugu, gobara ta ci shagonsa, kome ya watse masa a shafi kaɗan, alhali a duniya mugu yakan daɗe yana cin karensa ba babbaka. Amma abin da Imam ya bari, ita ta ɗauka. Ta shiga cikin gida, ta zauna bakin murhu, ta faɗi abin da mata ke faɗi in maza sun fita. Ƴarka da ke kwaleji in ta fara Wa Zai Auri Jahila? ba sai ka ce ta ci gaba ba. Kai uba kuwa, in ka ji ana karanta shi, wataƙila zaman tabarma ya gagare ka. Wannan ba laifin littafin ba ne.

To, Faransancin fa? Jarrabawa na nan, ba mu ce a yar da shi ba. Akwai littafin ɗan ƙasarmu Abdullahi Mamani, Sarraounia, na 1980. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, wadda ta tari rundunar Bule da Shanuwan a 1899, rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni a shekarar nan. An yi fim ɗinsa a 1986. Yaro zai ga sunayen garuruwan da ya sani cikin harshen lakwal. Amma a gaya masa ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara nasa. Mai son tarihi tsantsa ya nemi littafin Jibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Tun 2025 kuma dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, saboda haka ɗan lise da ya iya karanta ta da rubuta ta bai yi asara ba.

Saura yadda littafin zai shiga hannunsa. Kada ka ce masa karanta. Ka ce: "Ɗana, idona bai saba ba, ina jan baƙi kamar jaki da kaya. Karanta mini." Yaro na son a nuna ya fi babba a wani abu. Bayan sallar lisha a shimfiɗa tabarma, a kunna tocila, uwa da ƙanne su matso. In labari ya kai wuri mai daɗi, ka ce barci kake ji, sai gobe. Ka bar littafin bisa tabarma, kada ka ɓoye shi.

Littattafan ba su cika samuwa a kasuwannin ƙauye ba. In wani zai tafi Ƙonni, ko ya ƙetara Illela ko Sakkwato, a ba shi saƙo. Ajin yaƙi da jahilci guda na iya haɗa kuɗi a sayi Magana Jari Ce kashi na ɗaya da Wa Zai Auri Jahila?, a rubuta sunan mai aro a kaye, a naɗe su da leda saboda gara da ruwan damina.