Madubi Biyu a Harobanda: Sake Karanta Littafin Popenoe

A shekarar 2004 Rebecca Popenoe, masaniyar al'adun al'umma ƴar Amurka, ta wallafa Feeding Desire, sakamakon zamanta cikin Larabawan Azawak na yankin Cintabaraden. A can, da zarar yarinya ta fara famfara sai a tsare ta da madara da kunun hatsi har jikinta ya cika, domin ƙiba ita ce kyau, ita ce kuma shaidar wadatar gida.

Hujjarta mafi jan hankali ta fito sarai a wata maƙala ta 2005. Matan Azawak suna da mizanin kyau mai tsauri, amma wadda ba ta kai gare shi ba ba ta ɗora wa kanta laifi, saɓanin Baturiya da ke ɗaukar ƙibarta a matsayin gazawarta. Ke nan mizani shi kaɗai ba ya hana kwanciyar hankali. Abin da ke hana ta shi ne mutum ya yarda cewa surarsa hukunci ce a kan darajarsa.

Wannan fahimta tana da nauyi, amma iyakarta ita ce al'ummar da ke da madubi guda. Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni, a Harobanda, madubi biyu take dubawa. Na gida, wanda gasar ƙiba ta hangandi a ƙasar Zabarmawa ta ɗaukaka, yana ce mata rama alamar wahala ce. Na wayar salula kuwa yana nuna mata siririn ƙugu da hasken fata. Duk wanda ta faranta wa, ɗayan zai kushe ta. Tun 1954 Leon Festinger ya bayyana cewa ɗan Adam yana auna kansa da na kusa da shi. A ɗakin kwanan ɗalibai, nesa da iyaye, awon ba ya ƙarewa.

Jiki ne ke biyan kuɗin. Ƙwayar dexamethasone, wadda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, tana kumbura fuska, tana jawo hawan jini da ciwon suga, tana kuma hana barci da dagula hankali. Man bilicin mai sinadarin hydroquinone yakan bar baƙin tabo mai wuyar gushewa, shi ya sa Kodebuwa ta haramta irinsa a 2015. Magani ya koma cuta, an gudu ba a tsira ba.

Darajar littafin tana nan, domin ya tabbatar da cewa kyau yarjejeniya ce ta jama'a, kuma abin da jama'a suka ƙulla suna iya warware shi. Sai dai babin ɗalibar birni bai shiga cikinsa ba. Rubuta shi ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban Yamai, da harsunan da ake yin gorin da su: Hausa da Zabarmanci.