Malamin Makaranta: Hidimar Gari da Nauyin Gida

Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, manufarta ita ce horar da malamai da za su koma lardunansu su koyar. Sun koma ɗin, amma aikinsu bai tsaya a aji ba. Ahmadu Bello ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauci. A Baucin dai Malam Aminu Kano ya koyar, shi da Sa'adu Zungur suna zaburar da jama'a ta hanyar muhawara, kafin ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Waɗannan tarihi ya riƙe su. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne takwaransu na ƙauye, wanda sunansa bai shiga littafi ba.

Shi ake kai wa wasiƙar ɗan da ya tafi cin rani Ikko, ya karanta, ya rubuta amsa, ya kuma riƙe sirrin da ke ciki. Shi ke bi gida-gida yana lallashin iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. In gari na neman rijiya ko ɗakin shan magani, shi zai tsara takardar koke. In an kafa ƙungiyar ci gaban gari, ba a ma tambayar wa zai zama sakatare.

Wannan ɗabi'a gado ce daga makarantar allo, inda malami na jama'a ne, ƙofarsa a buɗe dare da rana. Sai dai malamin allo jama'a na tallafa masa: akwai kuɗin Laraba, akwai zakkar hatsi bayan girbi, ga almajirai na taya shi noma. Malamin boko ya gaji sunan, ya gaji hidimar, tallafin ne bai gada ba, domin an ce ai yana da albashi.

To, wa ya cike giɓin? Gidansa. A nan nake ganin gazawar irin yabon da muke yi wa waɗannan bayin Allah a wurin ta'aziyya da taron karramawa. Za a ce Malam ya riƙe yara goma daga ƙauyuka har suka gama makaranta, kuma gaskiya ne. Ba a cika cewa matarsa ce ta riƙa ƙara ruwa a miya, ta yi ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula don tukunya ta hau wuta, ta zauna jinyar ɗan wani har asuba ba. 'Ya'yansa kuwa sun raba tabarma da kwano da baƙi, wani lokacin ma sun haƙura da ɗinkin Sallah. Hidimar ta gida guda ce, mutum ɗaya ake yaba wa.

Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, makarantu sun yawaita, aka ɗibi malamai cikin gaggawa, daga baya albashi ya koma abin jira wata da watanni a ƙananan hukumomi da dama. Malamin da ke tashi daga aji ya hau acaɓa don neman cefane ba shi da yammacin da zai ba gari. Masu cewa malaman yau ba su da kishin na da, su fara duba wannan. Faɗin cewa ladan malami sai a lahira kuwa bai sauke hakkinsa daga wuyan kowa ba.

Kira nake ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: ku nemi gidajen malamanku. Wanda ke raye ku tsaya masa kan fansho da garatuti. Wanda ya rasu, Allah ya jiƙansa, ku je ku gai da iyalinsa, ku tambayi abin da suke bukata.