Toka a Ganga, Likkafani a Faskari

Mai karatu, ka tuna farkon Kuch Kuch Hota Hai na 1998? Shah Rukh Khan tsaye gaban wutar da ke cin gawar matarsa. A wurinmu haramun ne, a wurin mabiya addinin Hindu girmamawa ce: dangi su kwashe tokar, su zuba a kogin Ganga.

To mu fa? Mun kwaso rawarsu da waƙarsu, amma mutuwa a finafinanmu kururuwa ce kawai. Ina likkafani? Ina sahun jana'iza? Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da 'yan bindiga suka sa su binne 'yan'uwa jere-jere, kamar a Kadisau a 2020, sun san nauyin makara. Daraktocinmu, don Allah a nuna mutuwa da mutunci.